Ganin likita ta waya a ƙauyukan Zamfara: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da ganin likita daga nesa?

Shi ne majinyaci ya yi wa likita bayanin ciwonsa ta kiran waya, ko bidiyo, ko hoto da saƙon murya a WhatsApp, likitan kuma ya ba shi shawara ba tare da sun haɗu ba.

Wane amfani ne ya fi girma ga mutanen karkara?

A ganina, babban amfaninsa shi ne tantance wanda tafiya ta zama masa dole da wanda zai iya jinya a gida. Jihar tana da ƙananan hukumomi 14, amma manyan asibitocinta, wato Asibitin Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk a Gusau suke. Mutumin Ɗansadau da ke fama da hawan jini ko ciwon suga, idan an ce ya dawo a duba shi, sai ya nemi kuɗin mota na mutum biyu, domin ba a barin mara lafiya ya tafi shi kaɗai, ya bar gonarsa, sannan ya bi hanyar da kowa ya san barazanar 'yan bindiga a kanta. Sau da yawa abin da ake buƙata bai wuce a ji sakamakon awo a daidaita magani ba, kuma wannan waya tana iya yinsa. Haka nan matar da ke jin nauyin faɗa wa likita larurarta a gaban jama'a takan fi sakewa idan tana ɗakinta.

To, yaya likita zai gane ciwo bai taɓa jikin mutum ba?

Wannan tambaya tana kan hanya. Shi ya sa tsarin ya fi inganci idan malamin asibitin sha-ka-tafi ko ungozoma suna tare da majinyacin. Su za su auna jini da zafin jiki, su yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, su karanta wa likita abin da suka gani. Mun ga illar rashin irin wannan haɗin a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara suka daɗe suna mutuwa kafin ƙwararru su gano musabbabin.

Akwai ciwon da bai kamata a tsaya kiran waya a kansa ba?

Akwai. Zubar jini ga mai ciki, doguwar naƙuda, jijjiga, saran maciji da harbin bindiga duk na gaggawa ne. A kama hanya, in ya so a kira likita ana cikin tafiya domin asibiti ya shirya.

Ina batun sabis da kuɗin data?

Nan ne raunin yake. Ƙauyuka da dama sai an hau tudu ake samun sabis, kuma mutane ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Duk da haka, kiran murya da ƙaramar waya ya wadatar a mafi yawan lokuta, bidiyo ba dole ba ne, muddin an tabbatar cewa wanda ke ɗaya ɓangaren likita ne mai rajista, wanda aka san asibitin da yake aiki.