Waiwaye: Inda Muhawarar Daidaita Motocin Tsere a Amurka Ta Samo Asali

Kusan duk lokacin da aka kammala tseren awa 24 na Daytona ko na awa 12 na Sebring, muhawara ɗaya ce ke sake tashi tsakanin masu bin gasar tseren motoci ta hukumar IMSA ta Amurka, wato batun daidaita ƙarfin motoci, wanda suke kira BoP. A wannan tsarin, idan wata mota ta fi sauran gudu, sai a ƙara mata nauyi ko a rage ƙarfin injinta. Masu suka suna cewa hukunta gwani ke nan saboda gwanintarsa, masu goyon baya kuma suna cewa in ba da shi ba filin zai watse. Da yawa suna ɗauka cewa matsalar ta zo ne tare da sababbin motocin ajin GTP, wato ajin ƙoli na gasar, masu haɗa fetur da lantarki da suka fara tsere a 2023, alhali tushenta ya girme su da shekara 30.

Farkon labarin sananne ne. John Bishop ya kafa IMSA a 1969 da goyon bayan Bill France babba, wanda ya kafa gasar NASCAR, aka fara gasar a 1971, sannan aka buɗe ajin GTP na farko a 1981. Haka ma rabuwar da wannan tsere ya yi gida biyu, tsakanin gasar ALMS da ta fara a 1999 da ta Grand-Am da ta biyo baya a 2000, da haɗewarsu a 2014, duk an sha ba da labarinsu.

Kakar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce ta 1993, kuma a ganina can ne maganar take. A tsakiyar shekarun 1980, mai kuɗi da ke da ƙaramar tawaga yana iya sayen Porsche 962, ya ɗauki direba mai kyau, ya shiga fili da kyakkyawan zaton cin kofi. Irin waɗannan tawagogi masu zaman kansu su ne ke cika layin tashi. Da manyan kamfanonin ƙera motoci suka shigo da injiniyoyinsu da kasafinsu, sai ma'auni ya sauya: Geoff Brabham ya ci tsere 8 a jere da Nissan a 1988, daga baya kuma motar Eagle mai injin Toyota, ta tawagar Dan Gurney, ta ci tsere 17 a jere tsakanin 1992 da 1993, direbanta Juan Manuel Fangio II ya zama zakara a shekarun biyu. Babu laifi a kan wanda ya ƙera mota mai kyau cikin ƙa'ida, kuma waɗannan motoci abin alfahari ne har yau. Illar tana cikin yanayin da aka shiga, inda kuɗin da ake bukata don yin gogayya ya riƙa hawa ba tare da wani rufi ba, a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka da na Japan suka yi sanyi. Wanda ba shi da kamfani a bayansa ya ga cewa kashe dukiya don zuwa na biyar ba ciniki ba ne, sai ya janye, kamfanonin da ba sa cin kofi su ma suka bi sahu. Motoci suka yi ƙaranci a layi, 'yan kallo suka san wanda zai ci tun kafin a tashi, kuma a watan Oktoban 1993 aka yi tseren GTP na ƙarshe a Phoenix.

Abin da ya maye gurbinsa a 1994, motoci marasa rufi masu sauƙin kuɗi, shi ne darasin farko da aka ɗauka, kuma duk ƙa'idar da ta biyo baya tana ɗauke da tabon wannan kaka. Shi ya sa motocin da aka ƙera bisa tsarin 2023 dole su ɗauki ƙashin gininsu, wato chassis, daga ɗaya cikin kamfanoni huɗu, Dallara, Ligier, Multimatic ko Oreca, su yi amfani da na'urar lantarki iri ɗaya, nauyinsu ya kasance wajen kilo 1,030, ƙarfinsu kuma wajen kilowat 500. Da wannan alkawari na cewa babu wanda zai saye nasara da yawan kuɗi aka samu Acura, BMW, Cadillac da Porsche a layi ɗaya a Daytona a watan Janairun 2023.

Ƙorafin injiniyan da ya yi shekara yana neman rabin daƙiƙa, aka kuma ƙwace masa ita da ƙarin kilo goma, ƙorafi ne na gaskiya, kuma ya dace a riƙa bayyana yadda ake lissafin a fili. Amma mai neman a soke tsarin gaba ɗaya yana da tambayar da zai fara amsawa, ita ce me zai hana ƙananan tawagogi sake kwashe kayansu kamar yadda suka yi kafin tseren Phoenix.