Waiwaye: Yadda talakan ƙauyen Birtaniya ya samu bakin magana a tarihin garinsu

Garuruwa da ƙauyuka da yawa a Birtaniya suna da ƙungiyar tarihin gari. Galibi dattawa ne, suna haɗuwa a zauren taron ƙauye ko ɗakin karatu, a baje tsofaffin hotuna, a yi ta gardamar wane ne wancan na tsaye a gefe, da shekarar da aka rufe tashar jirgin ƙasa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka abin gado ne tun kaka da kakanni. Rubuta tarihin gari kam tsohon abu ne a ƙasar. Amma a zaunar da leburan gona ko matar da ta ƙare ƙuruciyarta a masaƙa, a ce su faɗi abin da suka gani da bakinsu, a kuma kira wannan tarihi, abu ne da bai cika shekara 100 da kafuwa ba.

Mafarin kundin ƙauyukan Ingila lissafin dukiya ne. A ƙarshen 1085 Sarki William, wanda ya ci ƙasar da yaƙi shekara 19 kafin nan, ya zauna da fadawansa a Gloucester ya ba da umarnin a zaga a ƙirga masa abin da ya mallaka. A 1086 aka haɗa kundin da ake kira Domesday, mai ɗauke da wurare sama da 13,000. An rubuta mai ƙasa da sunansa, da yawan garmuna, da injin niƙa, da daji, da abin da wurin zai iya biya. Manoman da ke jan garmunan kuwa galibi adadi kawai aka ba su: mutum kaza, bayi kaza. Har gobe duk mai neman asalin ƙauyensu a Ingila daga wannan kundi yake farawa, kuma da wuya ya tarar da sunan talaka a ciki.

Sunayen talakawa sun fara shiga takarda a kai a kai ne daga 1538, lokacin da Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na Takwas, ya wajabta wa kowace majami'a rubuta baftisma da aure da jana'iza. Layi uku ke nan a rayuwar mutum. Waɗanda suka soma rubuta tarihin gundumomi, irin su William Lambarde a Kent a 1576 da William Dugdale a Warwickshire a 1656, manyan mutane ne da ke rubuta wa 'yan'uwansu manya. Abin da ya dame su shi ne salsalar gidajen sarauta, da wanda ya gaji wace gona, da rubutun da ke jikin kaburburan iyayengiji.

A tsakiyar wannan zamani akwai mutum ɗaya da ya fita daban, kuma ina ganin ya cancanci a dakata a kansa. Richard Gough manomi ne mai rufin asiri a ƙauyen Myddle da ke Shropshire. Wajen 1700, yana da shekara sittin da 'yan kai, ya ɗauki alƙalami ya bi wata hanya da ba wanda ya taɓa bi. A majami'ar ƙauyen kowane gida yana da bencinsa, manya a gaba, talakawa a baya. Sai ya zana taswirar bencinan, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana ba da labarin gidan da ke zama a kai: wanda ya shanye gonar ubansa a mashaya, wanda ya yi sata aka rataye shi, matar da ta riƙe gida da sana'arta bayan miji ya lalace, rigimar iyakar gona da ta ci shekaru. Ya rubuta cewa mutum 20 daga Myddle da ƙauyuka biyu na kusa sun tafi yaƙin basasar Ingila, 13 daga cikinsu aka kashe. Ba don shi ba da babu mai sanin waɗannan mutane. Gough ba waliyyi ba ne, yana da tsegumi, yana da waɗanda bai so. Amma ya ɗauki kowa a ƙauyen a matsayin mai labari. Bai ga aikinsa a buge ba, ya rasu a 1723, kuma sai a 1875 aka buga rubutun cikakke.

Sikotland ta bi wata hanya. Sir John Sinclair ya aika wa limaman majami'u sama da 900 tambayoyi 160 game da yankunansu, daga farashin abinci da ladan ƙwadago zuwa cututtuka da ɗabi'un jama'a, aka buga amsoshin a mujalladi 21 tsakanin 1791 da 1799. Taska ce babba, sai dai limami ne ke magana a madadin jama'a. A Ingila an ƙaddamar da gagarumin aikin Victoria County History a 1899 da niyyar rubuta tarihin kowane ƙauye. An fitar da mujalladi sama da 200, kuma har yau ba a gama ba. A 1913 gundumar Bedfordshire ta buɗe ma'adanar takardu ta farko irin ta gunduma, sauran suka biyo baya. A 1948 kwalejin jami'a ta Leicester ta kafa sashen nazarin tarihin garuruwa ƙarƙashin W. G. Hoskins, wanda ya koya wa mutane karanta tarihi a jikin shingen gona da tsohuwar hanya. Duk wannan aiki na takarda ne da ƙasa.

Murya ta fara shigowa ta wata ƙofa a 1937, da ƙungiyar Mass-Observation da Tom Harrisson da Charles Madge da Humphrey Jennings suka kafa. Sun tura masu sa ido garin Bolton mai masaƙu, suna zama a mashaya da kasuwa da filin ƙwallo suna rubuta abin da mutane ke faɗa. Sun kuma roƙi ɗaruruwan mutane su riƙa rubuta abin da ya same su kullum suna aikowa. Wata matar aure a Barrow-in-Furness, Nella Last, ta fara a 1939 ba ta daina ba sai 1966. Jami'ar Sussex ce ke riƙe da takardun, kuma an farfaɗo da aikin a 1981.

Amma wanda ya juya akalar da gaske shi ne George Ewart Evans. Mutumin Wales ne, haifaffen garin ma'adinin kwal na Abercynon a 1909. A 1948 ya koma ƙauyen Blaxhall a Suffolk saboda matarsa ta samu aikin koyarwa a makarantar ƙauyen. Kunnensa ya yi nauyi, aikin malanta ya yi masa wuya, sai ya zauna gida yana rubutu yana hira da maƙwabta. Maƙwabtan nan tsofaffin makiyayan tumaki ne da masu noma da dawaki, waɗanda aka haifa tun zamanin Sarauniya Victoria. Evans ya lura cewa a bakinsu akwai kalmomin da ya sani a tsofaffin littattafai kawai, kuma a hannunsu akwai ilimin da bai taɓa shiga takarda ba. Ya kuma lura cewa lokaci ya ƙure. Tarakta ta riga ta shigo tana korar doki daga gona, kuma duk wanda aka binne daga cikin dattawan nan da iliminsa ake binne shi.

Littafinsa na farko a kansu ya fito a 1956, kuma a daidai lokacin ya fara ɗaukar muryoyinsu da rakodar da BBC ta ba shi aro. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya bi da asirin masu dawaki. Suna da laƙanin da ke sa doki ya ƙame wuri ɗaya ya ƙi motsi, da wanda ke sa ingarma mai taurin kai ya biyo mutum. Wasu suna maganar ƙashin kwaɗo da ake tsamowa daga rafi da dare. Wani ɗan boko da sai ya yi dariya ya wuce. Evans ya yi haƙuri shekaru har suka yarda da shi, ya gano cewa a ƙarƙashin tsatsubar akwai sanin hancin doki: ƙamshin da yake so da warin da yake gudu. Wannan asiri shi ne jarin mai doki a gaban maigidan gona, shi ya sa ba a faɗa wa kowa. Ba a taɓa samun irin wannan bayani a takardun gunduma ba, don masu riƙe da alƙalami ba su taɓa tambaya ba.

Mai karatu Bahaushe zai iya tuna cewa shekara 2 kafin littafin Evans, kamfanin ɗab'in da ya buga shi, Faber, ya fitar da labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau. Wato tsohuwar Bahaushiya ta riga makiyayin Suffolk samun masu sauraro a Landan.

Daga nan abin ya bunƙasa. A 1965 ƙungiyar mata ta Women's Institute ta yi bikin cika shekara 50 ta hanyar sa rassanta na ƙauyuka su haɗa kundin rayuwar ƙauyensu a wannan shekara. A 1967 Raphael Samuel ya fara tarukan History Workshop a Kwalejin Ruskin da ke Oxford, inda ma'aikata 'yan ƙungiyar ƙwadago ke binciken tarihin sana'o'insu da unguwanninsu. Paul Thompson na Jami'ar Essex ya jagoranci hira da mutum sama da 400 da suka rayu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kuma kafa ƙungiyar tarihin baka ta ƙasa a 1973.

Malaman tarihi na gargajiya ba su karɓi abin hannu bibiyu ba. Sun ce tsoho yana mantuwa, yana haɗa shekaru, yana yi wa ƙuruciyarsa ado. Akwai gaskiya a ciki, kuma kasuwar littattafan begen jiya, masu hoton bukka da furanni, ta ƙara musu hujja. Sai dai wanda ya saurari dattawan da kansu zai tarar ba bege ne ya fi yawa a bakinsu ba. Suna maganar yunwa, da cire yaro daga makaranta a tura shi korar tsuntsaye a gona, da gidan haya na maigidan gona wanda za a kore ka daga ciki ranar da ka rasa aiki. Takarda ma ai mutum ne ya rubuta ta, kuma yana da nasa son rai. A ganina gyaran shi ne a gwada baki da takarda, kowanne ya tsare ɗan'uwansa.

Akwai kuma wuraren da in ba bakin mutane ba babu abin da ya saura. A Disamban 1943 sojoji sun kwashe mutanen Tyneham a Dorset da na Imber a Wiltshire don atisayen yaƙi, mutanen suna sa ran komawa bayan yaƙin. Ba su koma ba. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn na masu jin harshen Wales don samar wa Liverpool ruwan sha, kuma sai a 2005 majalisar birnin ta nemi afuwa. A unguwar Butetown ta Cardiff, inda ma'aikatan jirgin ruwa daga Yaman da Somaliya da Afirka ta Yamma suka zauna suka hayayyafa, an rushe yawancin tsofaffin gidajen a shekarun 1960. Cibiyar da aka kafa a 1987 don tattara hotuna da muryoyin mazauna unguwar ita ce ta hana a shafe su daga tarihin birnin.

Tattarawa daban, adanawa daban, kuma a nan ne aka sha mamaki. A 1986 BBC ta yi bikin cikar kundin Domesday shekara 900 da sabon kundi na zamani. An raba taswirar ƙasar gida-gida, mutum wajen miliyan 1, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta yadda rayuwa take a unguwanninsu tare da hotuna. Aka zuba komai a manyan faya-fayan laser da ke buƙatar na'ura ta musamman mai tsadar kusan fam 5,000. Makarantu kaɗan ne suka iya saye. Kafin a cika shekara 16 na'urar ta kusa ɓacewa daga duniya, alhali kundin fata na 1086 yana nan a ma'adanar takardun ƙasa da ke Kew a Landan ana karanta shi. Sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a 2002, sannan BBC ta sa wani ɓangare a intanet a 2011. Tsakanin 2003 da 2006 ta sake tattara labarai kimanin 47,000 daga waɗanda suka ga Yaƙin Duniya na Biyu, wannan karon kai tsaye a intanet.

Yau yawancin hirar ta koma Facebook, inda garuruwa ke da zaurukan tuna baya, wani ya sa hoton tsohon kanti, mutum ɗari su zo da labari a ƙarƙashinsa. Talaka bai taɓa samun dama irin wannan ba, kuma abin yana faranta mini rai. Abin da ke damuna shi ne babu ma'adanar da ke da alhakin riƙe waɗannan labarai idan mai kula da zauren ya rasu ko kamfanin ya sauya tsari. Tsofaffin hanyoyin ma suna jin jiki. Cibiyar Butetown ta rufe a 2016 saboda rashin kuɗi, sai wasu suka tashi suka ceci kayanta. Ƙananan hukumomi da kasafinsu ya tsuke sun rage kwanakin buɗe ma'adanun takardu. Kaset ɗin shekarun 1970 suna lalacewa, abin da ya sa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, inda muryoyin dattawan Evans suke, ya fara wani shiri a 2017 da kuɗin cacar ƙasa don mayar da dubban ɗaruruwan sautuka zuwa kwamfuta. A Oktoban 2023 masu kutse suka kai wa ɗakin karatun hari, suka durƙusar da na'urorinsa, masu bincike suka shafe watanni ba sa iya sauraron muryoyin ta intanet.