Wa zai shayar da bishiyar makaranta idan bazara ta zo?

Duk shekara idan damina ta kankama, ana kai wa makarantu dashen itatuwa. A jera yara, babban baƙo ya sa tsiro a rami, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto, a watse. Mu malaman gona da ma'aikatan gandun daji mu ne muke komawa makarantun nan bayan rani ya yi nisa, kuma sau da yawa ramuka da busassun tsinkaye muke tararwa. Akuya ta cinye wasu, gara ta ci wasu, zafin bazara ya ƙarasa sauran. Asarar dashen tana da ciwo, amma abin da yaro ya ɗauka daga ciki ya fi damuna. Wanda ya ga haka shekara da shekaru zai tashi da fahimtar cewa dasa itace bikin manya ne, ba ruwan kowa da abin da zai biyo baya.

Don haka kirana ga malamai, musamman shugabannin makarantu, shi ne a mayar da hankali ga reno. Yaron da ya raini bishiya guda tun tana ƙwaya har ta tsallake bazara biyu ya san muhalli fiye da wanda ya haddace ma'anar kwararowar hamada don jarrabawa.

A fara daga iri. Ba sai an jira gwamnati ta turo dashe a mota ba. Ledar fiya wata da ta cika harabar makaranta, wadda ke toshe magudanan ruwa, dabbobi su haɗiye ta ta kashe su, ita ce tukunyar reno. Yara su tsince ta, a yanke bakinta, a huda gindinta don ruwa ya riƙa tsiyaya, a cika ta da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ana fara wannan aiki wajen watan Maris ko Afrilu, a ƙarƙashin inuwa, domin tsiron ya yi ƙwari kafin Yuli. A nan ne darasi mai daɗi yake, domin kowane iri da halinsa. Ƙwayar kuka da ta gawo da ta tsamiya suna da ɓawo mai tauri, sai an jiƙa su cikin ruwan zafi an bar su sun kwana, ko an ɗan kankare gefen ɓawon, kafin su tsiro da wuri. Ƙwayar darbejiya kuwa ba ta jure ajiya, idan ta yi 'yan makonni sai ta mutu, don haka da ɗanyenta ake shukawa. Zogale ba ya buƙatar komai, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fito. Malamin kimiyya da zai sa yara su shuka kuka goma jiƙaƙƙu da goma marasa jiƙo, su riƙa rubuta wadda ta fito kowace safiya, ya koyar da gwaji da ƙidaya da haƙuri a lokaci guda, bai kashe ko kwabo ba.

Ranar dasawa, a jira ƙasa ta jiƙu sosai. A haƙa rami kamu ɗaya a faɗi, kamu ɗaya a zurfi, a cire ledar kafin a sa tsiron (sau da yawa mukan tono matacciyar bishiya mu tarar da saiwarta a naɗe cikin leda). A yi ɗan gurbi kewaye da gindin don ya tare ruwa. Sannan kada a tashi daga wurin sai an yi shinge, ko da ƙayar magarya, ko da tsohon kwando, ko tubali. Dashen da ba shinge abincin akuya ne tun kafin yara su koma aji. Idan gara ta matsa, a barbaɗa toka a gindin.

Kowace bishiya ta sami mai ita. A ba yaro ɗaya ko biyu, a rubuta sunansu a littafi tare da ranar dasawa, su riƙa auna tsawonta duk wata. Gara a dasa ashirin masu iyaye a kan ɗari biyu na kowa da kowa. Batun ruwa shi ne inda malamai suka fi kawo mana kuka, kuma gaskiyarsu ne, makarantu da yawa ba su da rijiya. Amma akwai ruwan da ake zubarwa kullum: na alwala da na wanke hannu. A mayar da wurin alwala kusa da dashen, a ja 'yar hanya ruwan ya gangara gindinsu. A binne tsohon tulu ko robar ruwa mai ƙaramar huda kusa da saiwa, a cika ta a rufe bakinta, za ta yi kwanaki tana tsatsafowa. Dogon hutu yana faɗowa cikin damina, ba shi da matsala. Hutun Disamba da na Afrilu su ne masu kashe bishiya, don haka kafin a tashi a raba kwanakin shayarwa tsakanin yaran da gidajensu ke kusa, a kuma sanar da mai gadi da mai unguwa.

Akwai wani darasi da nake ganin ya fi dashen kansa muhimmanci, kuma daga ƙasar Hausa ya fito. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwa a Jamhuriyar Nijar, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara kafin shuka toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi dabarar, suka gyara ta yadda ta dace da gonakinsu, ana kiranta sassaben zamani. Bincike ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya, ba tare da gandun reno ko jarkar ban ruwa ba.

Yadda ake yi ba shi da wuya, ɗan aji biyar zai iya. A sami kututturen sabara ko kalgo ko gawo da ya yi toho da yawa. A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A rage ƙananan rassan da ke ƙasa har zuwa rabin tsawon kowanne. A ɗaura ƙyalle don mai wucewa ya san akwai mai shi. Saboda tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga danshi, irin wannan itace yana girma da saurin da dashe ba ya yi. Malami ya fita da ajinsa bayan makaranta ko gonar wani uba da ya yarda, su yi wa kututture biyar haka. Yaran nan su ne ke bin iyayensu sassabe, kuma da yamma a gida za su faɗi abin da suka gani.

A wajen fitar nan, a tambayi yara sunayen itatuwa. Za a sha mamakin yawan 'yan birni da ba su iya bambanta ɗinya da kanya, ko marke da ƙirya, ko su faɗi daga wace bishiya ake samun kalwar daddawa. A gayyato wani dattijo ko tsohuwa daga gari su zo aji, su lissafa itatuwan da suke ci suna yara waɗanda yanzu sai an yi tafiya kafin a gan su: taura, tsada, ɗorawa, kaɗanya. A nuna musu gawo, a bar su su gano da kansu abin da ya bambanta shi da sauran: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Shi ya sa ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Sarakunan Damagaram na da sun san darajarsa har suka sa hukunci mai tsanani a kan sare shi.

Kada a bar Islamiyya da tsangaya a baya. Almajirai na cikin masu shiga daji neman itacen wuta, kuma sun fi 'yan boko da yawa sanin daji. Alaramma yana da hujjar da ta fi tamu ƙarfi, domin ya zo a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi. Haka 'yan mata: su da iyayensu mata ne ke wahalar neman makamashi da shaƙar hayaƙin murhu, don haka a ba su bishiyoyinsu, kada a bar su da shara kawai. A kuma hana ƙona leda a harabar makaranta ko hura wuta da ita, hayaƙinta guba ne ga ƙirjin yara.

Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya ratsa jihohi 11 na arewacin Najeriya, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno. Itatuwan da ake dasawa a ƙarƙashinsa za su buƙaci masu kula da su shekaru masu yawa bayan an rufe ofishin aikin, kuma waɗanda za su yi hakan yanzu suna firamare.

Shugaban makarantar da ke son farawa ya sa yara su soma tara leda da ƙwayar gawo da kuka tun lokacin sanyi, a adana iri a busasshen wuri. Ya leƙa sashen gona na ƙaramar hukumarsa ya nemi malamin gona ya zo ya nuna yankan kututture sau ɗaya. A watan Mayu, kafin ruwan farko, a fito da littafin nan a ƙirga bishiyoyin da suka rayu, a tambayi masu waɗanda suka mutu abin da ya kashe su, sannan idan ƙasa ta jiƙu a ba su sabon tsiro su maye gurbin.