Bikin aure a al'adar mutanen Gujarat

Gujarat jiha ce a yammacin Indiya wadda aka ɓalle daga tsohuwar jihar Bombay a 1960. Mafi yawan mutanenta mabiya addinin Hindu ne, kuma tsarin aurensu ake nufi a nan; Musulmin jihar, irin su Bohra da Memon, nasu daban ne. Haka ake yin bikin duk inda 'yan Hindun Gujarat suka yi zango, daga Nairobi har Leicester ta Ingila, inda da yawansu suka koma bayan Idi Amin ya kore su daga Yuganda a 1972.

Baiko shi ne gol dhana, inda ake raba mazarƙwaila da 'ya'yan koriyanda. Daga nan malamin addini ya duba taurari ya tsayar da rana. Ba a ɗaura aure a watanni huɗu na damina, sai wajen Nuwamba, a sake dakatawa daga tsakiyar Disamba zuwa 14 ga Janairu. Kwanakin kafin ɗaurin aure na kafa rumfa ne, da sa lalle, da shafa wa ango da amarya kwaɓin kurkum, da rawar garba da ake yi a da'ira ana tafi. UNESCO ta saka wannan rawa cikin kayan gadon duniya a 2023.

Wanda ke son gane bikin nan ya dubi kawun amarya, ɗan'uwan mahaifiyarta. Shi ke zuwa da mameru: awarwaro, waɗanda a da na hauren giwa ne, da panetar, farin sari mai jan baki. Shi ne kuma ke kai ta rumfa ranar aure, a wasu gidajen ma ɗaukarta yake yi cak. Uwar ango ita ma tana da nata, gharchola: jan sari mai gidaje-gidaje na zaren zinare, kowane gida da ɗige-ɗigen rinin ɗauri irin na garin Jamnagar. Amarya takan shiga da farin gidansu, a yafa mata jan gidan miji a bainar jama'a. Ba wani jawabi da ya kai wannan bayyana abin da ke faruwa da yarinyar.

Ango na isowa da tawagarsa, surukarsa ta tare shi a ƙofa da fitila, ta kai hannu ta kama masa hanci, abokansa na karewa. Wasa ne, amma tuni ne cewa roƙo ya kawo shi. Ƙannen amarya kuwa su sace takalmansa, sai ya fansa da kuɗi.

A rumfa ana tare tsakanin ango da amarya da mayafi, a sauke, uba ya ɗora hannun 'yarsa a na ango. Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin zagaye bakwai a gefen wuta. A Gujarat huɗu ake yi, na riƙon addini, arziki, ƙauna da tsira. Ana gamawa su yi rige-rigen zama, wai wanda ya riga shi zai juya gidan. Sai taku bakwai na alkawari, kuma dokar auren Hindu ta 1955 ta ce inda ake wannan al'ada, aure na cika ne da taku na bakwai.

Abincin babu nama, kuma giya haramun ce a dokar jihar. Tsada ce babbar matsala: an hana neman dukiya daga iyayen amarya tun 1961, amma hidimar na karya talaka. Shi ya sa ƙungiyoyin dangi ke shirya auren gayya, samuh lagna, su aurar da gomman 'yan mata rana ɗaya a raba ɗawainiya.