Gyaran direban Linux ba laifi ba ne

Tun makon jiya wata magana ke yawo tsakanin samarin da ke haɗa sikelin lantarki da ma'aunin batirin sola a nan Maraɗi, wai duk wanda ya taɓa direban Linux ya taka doka. Linux dai babbar manhaja ce da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori, direba kuwa ɗan rubutun kwamfuta ne da ke sa ta yi magana da wani sashe na na'urar. Wani ƙanena har ya ajiye aikinsa. Sikelinsa, da an ɗora buhun gyaɗa sai lamba ta yi ta tsalle. Ya bi diddigi ya gano direban ADC, ɗan guntun nan da ke mayar da ƙarfin lantarki lamba, yana ɗauko sakamako tun guntun bai gama awo ba. Gyaran bai wuce layi uku ba, amma tsoro ya hana shi.

Dokar da ake tsoratar da mutane da ita lasisi ne, GPL bugu na 2 na 1991, wanda Linux ke ƙarƙashinsa tun 1992. Lasisin da kansa ya ba da izinin gyara, ɗalibi ne kai ko mai shago ko kamfani. In a shagonka gyaran ya tsaya, ba mai bin ka komai. Sayarwa ma ba a hana ba.

Nauyi na hawa kanka ne ranar da na'urar ta shiga hannun wani. Sai ka haɗa masa da asalin rubutun Linux ɗin da ke ciki har da gyaranka, ko takardar alkawari mai aiki aƙalla shekara 3 cewa duk wanda ya nema za ka ba shi. Fayil ɗin da ka taɓa kuma ka rubuta cewa ka canza shi, da kwanan wata. Manhajarka ta lissafin kuɗi da ke gudana a kai, taka ce.

Wurin hukunci ne aka fi ƙara gishiri. Lasisin bai ambaci jandarma ko gidan kaso ba. Sashe na 4 cewa ya yi wanda ya raba Linux ɗin ya ƙi cika sharuɗɗa, izininsa ya faɗi nan take. Daga nan masu haƙƙin mallaka na iya kai shi kotu. A 2017 da yawa daga cikin masu rubuta Linux sun sassauta: wanda aka yi wa gargaɗin farko ya gyara cikin kwana 30, izininsa ya dawo. Ni dai ban ga zalunci a nan ba, tunda direban da ƙanen nawa ke cin abinci da shi kyauta ya same shi. Jiya na zaunar da shi muka sa layukan ukun, lambar ta tsaya cak.