Waiwaye: yadda ƙaramin injin batir ya shiga wasan allo mai tashi bisa ruwa

Yaron shagona ne ya fara nuna min bidiyon a wayarsa, ranar muna zaune bakin shago da la'asar muna jiran kuran ya dawo. Wani Bature ne tsaye bisa allo, ya riƙe wani ƙaton zane tsaye kamar fiffiken fara, ruwan kwance lumui ko ganye ba ya motsi a bakin gaɓa, sai kawai allon ya ɗaga sama ya bar ruwa, mutumin na tafiya kamar wanda aka rataye. Yaron ya ce "Maigida, wannan haɗin kwamfuta ne ko?" Na ce a'a, mayar da shi baya ka duba ƙarƙashin allon. Can jikin sandar da ta nutse cikin ruwa ga wani ɗan inji mai farfela, bai fi gwangwanin madara girma ba.

Ni sana'ata gyaran injin famfo ce da naɗin koyil a nan Damagaram, shi ya sa abin ya tsaya min a rai na yi ta bin labarinsa makonni. Na san wani zai ce mu da muke bin ƴan garuwa da jarka me ya haɗa mu da wasan teku, to ni dai ba ruwan ne ya ja ni ba, matsalar da suke ƙoƙarin warwarewa ce, domin ita ce wadda nake fama da ita kullum a kan teburin aikina, wato matsalar tashi.

Bari in faro daga farko. Wasan da ake ce wa windsaf allo ne da zane, babu inji babu sitiyari, mutum na tsaye yana riƙe da sandar zanen da hannu biyu iska na tura shi. Wani yaro ɗan Ingila, Peter Chilvers, ya gwada irinsa a 1958, Newman Darby ma ya yi nasa a Amurka a 1964, amma waɗanda suka mayar da shi haja su ne Jim Drake, injiniyan jirgin sama, da abokinsa Hoyle Schweitzer a Kalifoniya. Sun nemi rajistar ƙirƙirar a 1968 aka ba su a 1970. Dabararsu ita ce gindin sandar zanen ya zama mai juyawa ko ta ina kamar gaɓar kafaɗa. Abin ya bazu a Turai kamar wutar daji, musamman Faransa da Jamus da Holan, har ya shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Anjalas, mata kuma suka samu nasu a 1992 a Basalona.

Amma tun lokacin akwai ciwon da ke damunsu. Daɗin wasan sai allo ya hau saman ruwa yana sulɓi, hakan kuwa sai iska ta yi ƙarfi, abin da ya kai kilomita 22 zuwa 28 a awa gwargwadon nauyin mutum da girman zanensa. Ƙasa da haka allon turo ruwa kawai yake da ƙirji kamar kwalekwale. Mutum ya ɗauki hutu, ya loda kaya a mota ya yi tafiya mai nisa, ya je ya tarar iska ta kwanta, sai zaman bakin ruwa. Mu ma ai mun san wannan hali, da hunturu iskar gabas har tana ɗauke rufin rumfa, in bazara ta shigo kuma ka wuni ko zaren rigarka bai motsa ba. Da yawa daga masu wasan sun watse saboda haka, wasu suka koma wasan lema mai igiya da ya fito ƙarshen shekarun 1990.

Maganin farko ya fito ne daga wata tsohuwar dabara da ta girmi wasan nesa ba kusa ba. A 1906 wani injiniya ɗan Italiya, Enrico Forlanini, ya sa wa jirgin ruwa fukafukai a ƙarƙashi ya tashe shi bisa tafkin Maggiore. A 1919 Alexander Graham Bell, wannan dai na tarho, da abokin aikinsa Casey Baldwin suka yi gudun kilomita 114 a awa da jirginsu HD-4 a Kanada. Rasha ma ta ɗauki fasinja da irin waɗannan jirage a kogunanta tun 1957. Sirrin abin shi ne ruwa ya fi iska nauyi sau kusan 800, saboda haka fiffiken da bai wuce tsawon hannu ba, in yana gudu cikin ruwa, yana iya ɗaga ƙato da allonsa. Shi ake kira foyil. Da zarar allon ya bar ruwa, abin da ya rage a ciki sandar nan ce siririya da fiffiken, jan da ruwa ke yi ya ragu sosai, sai ka ga mutum na gudu fiye da iskar da ke tura shi.

Masu allo sun daɗe suna gwada shi jefi-jefi, amma bai kama kasuwa ba sai da gasar Kofin Amurka ta 2013 a San Faransisko ta nuna wa duniya manyan jiragen zane suna tashi sama bisa fiffike. Wajen 2016 da 2017 kamfanonin windsaf suka fara sayar da foyil ga kowa, da kabon da alminiyam. A 2019 hukumar wasan jiragen zane ta duniya ta zaɓi wani allo mai foyil da ake kira iQFoil ya maye gurbin tsohon allo RS:X a Olamfik. Yanzu iskar kilomita 13 ko 15 a awa ta isa gwani ya tashi, kusan rabin abin da ake nema a da kenan.

To nan ne fa inda nake so a tsaya a fahimta. Ƙarfin da fiffike ke ɗagawa da shi ba daidai yake tafiya da gudu ba, in ka ninka gudu sau biyu ɗagawar ninkawa take sau huɗu, haka in ka rage gudun rabi sai ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kenan akwai wani gudu da in ba ka kai shi ba allon ba zai taɓa barin ruwa ba, kuma lokacin da kake neman kai shi ɗin ne ruwa ya fi riƙe ka, domin allon duka yana kwance a kansa. In ka tsallake wannan gaɓa komai ya yi sauƙi, gudun da kake yi ma da kansa yana ƙara maka iska a zane, kamar yadda mai moto ke jin iska a fuska ko da gari ya yi tsit. Iskar da ta isa ta riƙe ka a sama ba ta isa ta tashe ka ba. Tsakanin biyun nan akwai rata, kuma duk rigimar a cikin ratar take.

Duk mai gyaran inji ya san wannan. Injin famfo in zai tashi yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya kama gudu, na daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai. Sau nawa mai lambu daga Mirya ko Gidimuni zai kawo min famfo ya ce "Malam, ya mutu", in gwada in ga lafiyarsa lau, kawai ɗan kwandansa mai taimaka masa tashi ne ya ƙone, sai ka ji yana gurnani ya kasa juyawa, ka ɗan taɓa farfelar da sukundireba sai ya kama ya yi ta aiki har dare. Ko motar da batirinta ya yi sanyi, mutum huɗu su tura ta taku goma, ta tashi ta kai ka Kano.

Su masu allo turin da suke yi da jikinsu ne, suna fizgar zanen suna sakewa da sauri suna danna allon da ƙafa, su ma famfo suke ce masa. Yana aiki amma yana cin ƙarfi ba kaɗan ba, duk wanda ya kalli tseren Olamfik na 2024 da aka yi a Marsey ta Faransa ya gani. Maza da zane mai faɗin mita 9 murabba'i, mata mita 8, samari majiya ƙarfi da suka yi shekaru suna horo, amma iska ta riƙa kwanciya ana ɗage tsere ana soke wasu, har doguwar tseren da aka shirya sai da aka bar ta a hanya. Tom Reuveny na Isra'ila da Marta Maggetti ta Italiya suka ci zinariya daga ƙarshe. To in waɗannan sun sha wuya haka, ina ga dattijo mai shekara sittin da ciwon kafaɗa, ko mai nauyin kilo ɗari, ko wanda tafkin garinsu iska ba ta cika zuwa ba.

Shi kuma lantarki ta wata ƙofa ya shigo. A 2018 kamfanin Lift Foils na Fotoriko ya fara sayar da allo mai foyil da inji da batirin litiyam, babu zane babu komai, rimot kawai a hannu, Fliteboard na Ostareliya ma ya fito da nasa a wannan tsakanin. Kuɗinsa lokacin wajen dalar Amurka dubu 12, nauyinsa kusan kilo 30, batirin kaɗai ya haura kilo 10. Wannan gaskiya ni ban ɗauke shi wasan iska ba, moto ce ta ruwa. Wanda ya burge ni shi ne tunanin da ya biyo baya a farkon shekarun 2020, wanda kamfanin Foil Drive na Adelaide a Ostareliya ya yi suna da shi: a rage injin, a rage batirin, duka kayan kilo uku ko huɗu, a ɗaura a jikin allon da mutum yake da shi tun da. Aikinsa ya tura ka ƴan daƙiƙu har ka tashi shike nan. An fara yin sa ne don masu hawan igiyar ruwa da masu tuƙi da filafili, daga baya masu zane suka ce mu ma ai ciwonmu kenan, wasu suka saya wasu suka haɗa nasu a gareji da injin jirgin wasa da batir.

Wurin da za a ɗaura injin shi ne babbar muhawararsu, kuma ni na fi jin daɗin wannan ɓangare. Sandar foyil ta windsaf tsawonta santimita 85 zuwa 95. In ka ɗaura injin can sama kusa da allo, da ka tashi sai ya fito daga ruwa ya rataya a iska, ba ya jan ka baya ko kaɗan, ka koma mai iska zalla. Matsalar ita ce yana iya fitowa tun kafin fiffiken ya gama kamawa, farfela ta shaƙi iska ta yi ihu, allon ya faɗo. In ka sauke shi ƙasa kusa da fiffike zai ci gaba da tura ka ko kana sama, ka tsallake wurin da iska ta yanke, amma kuma kana jan sa cikin ruwa duk tsawon tafiyar, shi ya sa aka yi farfela mai naɗewa in an kashe ta. Ni da za a tambaye ni na sama zan zaɓa, domin shi ne ya tsaya a matsayinsa na mai taimako.

Sai matsalar hannu. Mai hawan igiyar ruwa hannunsa a sake yake, ya riƙe rimot ya danna. Mai windsaf hannu biyu duka suna kan sandar zane, kuma in zai juya dole ya saki gefe ɗaya ya kama ɗayan, to ina zai sa rimot? Masu gwaji ɗaure shi suke a jikin sandar inda babban yatsa zai kai, amma in ka juya ya koma wancan gefen. Ga kuma siginar rimot ba ta ratsa ruwa, in akwatin da ke karɓarta ya nutse sai inji ya ɗauke. Ga wata kuma, a yawancin allunan windsaf, kan sandar foyil ɗin cusa shi ake cikin wani rami mai zurfi a jikin allo, alhali sababbin kayan taimakon an ƙera su ne don irin mai faranti da kusoshi huɗu, dole sai an yi dabara. Ruwan gishiri ma ba ya raga wa waya da mahaɗi, duk fita sai an wanke da ruwan daɗi an shafa man kariya, batirin litiyam kuwa in ruwa ya shige shi gobara ce. Ko tafiya da shi a jirgin sama akwai iyaka, ana barin batirin wat-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka kenan), zuwa 160 in kamfanin jirgi ya yarda, abin da ya haura haka ba ya shiga kayan fasinja.

Akwai masu cewa wannan ha'inci ne, wai an ɓata wasan, wanda bai iya famfo ba ya je ya koya. A gasa na yarda da su ɗari bisa ɗari, dokar tsere ba ta yarda da inji ba kuma bai kamata ta yarda ba, can ƙarfin mutum da karatun iskarsa ake aunawa. Akwai ma gaskiya a tsoron da suke yi cewa sabon shiga zai dogara da maɓalli ya ƙi koyon abin da ya kamata, ko ya yi nisa cikin teku ya dogara da batir batir ɗin ya mutu. Amma mutumin da ba gasa yake ba, wanda shekaru suka ja, ban ga laifinsa ba in ya sa ɗan abin da zai ba shi turin daƙiƙa goma. Kuma ko ba don tashi ba, in iska ta mutu gaba ɗaya yana nesa da gaɓa injin nan zai lallaɓo da shi gida a hankali, wannan kaɗai ya isa dalili a wurina.

Yaron nawa ya tambaye ni ko za a iya yin irinsa a tafkin Gidimuni. Na ce masa sandar kaɗai kusan mita guda ce, ana son zurfin da ya haura haka a duk inda za a bi, ga ciyawa da ragar masunta da za su naɗe fiffike da farfela, ga kuɗin kayan. Amma injin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu, irin marar gawayin da ke gogar abin da ke juyawa a ciki ne, mai waya uku, ɗan'uwan wanda ke cikin famfon sola da muke kwancewa kullum, shi nasu an rufe naɗin da ƙaro don ya zauna cikin ruwa. Akwai wani tsohon famfon sola a ƙarƙashin teburi da mai shi bai dawo ɗauka ba, na ce gobe ya ciro min injinsa mu sa masa farfela mu gwada a cikin duro mu ga irin turin da zai yi.