Asusun TETFund da taƙaddamar wanda ya assasa shi

TETFund asusu ne na gwamnatin tarayyar Najeriya da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi, da kuɗin harajin da ake cirewa daga ribar kamfanoni. Dokar da yake aiki a ƙarƙashinta ta 2011 ce, amma asalinsa ya koma farkon shekarun 1990. An daɗe ana jayayya kan wanda ya cancanci yabon kafa shi tsakanin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, da gwamnatocin da suka sa hannu a dokokinsa.

Asali

A ƙarshen shekarun 1980 jami'o'in Najeriya sun shiga mawuyacin hali. Darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗakunan gwaje-gwaje suka koma kufai, sababbin littattafai suka daina zuwa, malamai da dama kuma suka tsallaka ƙetare neman na tuwo. Gwamnatin ta haramta ASUU a 1988, ta ɗage haramcin a 1990, sannan ta sake haramta ta a 1992 ana tsakiyar yajin aiki. Shugaban ƙungiyar a lokacin shi ne Attahiru Jega, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero ta Kano.

A zaman sulhun, wakilan gwamnati sun kafe cewa babu kuɗin biyan buƙatun malaman. ASUU ta kawo shawarar a sa wa kamfanoni haraji na musamman, tunda su ne ke ɗaukar waɗanda jami'o'in suka yaye aiki. Wannan na cikin yarjejeniyar da aka cimma a watan Satumba na 1992. A 1993 aka fitar da dokar soja mai lamba 7, wadda ta kafa asusun harajin ilimi, ETF, ta kuma ɗora wa kamfanonin da ke da rajista a ƙasar kashi 2 cikin 100 na ribarsu.

Sai dai dokar ba ta fito yadda malaman suka so ba. Maimakon a keɓe kuɗin ga manyan makarantu, sai aka ba su rabi, sauran kuma aka raba wa firamare da sakandare. Rabon kuɗin ma ya yi jinkiri: an yi wa dokar gyara a 1998, kuma galibi ana cewa sai wajen 1999 makarantu suka fara gani a ƙasa.

Gyaran 2011

ASUU ta ci gaba da ƙorafin cewa an yayyafa kuɗin a wurare da yawa har ba ya tsinana wa kowa komai. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta soke ETF ta kafa TETFund, aka cire firamare da sakandare. Tun daga nan jami'o'i ke ɗaukar kaso biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha ɗaya, kwalejojin ilimi ɗaya. Babban sakataren asusun a lokacin sauyin shi ne Mahmood Yakubu, wanda daga baya ya gaji Jega a shugabancin hukumar zaɓe.

Taƙaddamar yabo

Hujjar ASUU ita ce tunanin nata ne, kuma ta sha wuya kafin ya tabbata: haramci, dakatar da albashi da barazanar kora. Duk lokacin da aka zargi ƙungiyar da yawan yajin aiki, shugabanninta kan nuna gine-ginen TETFund su ce ga abin da yajin 1992 ya haifa. Magoya bayan Babangida suna cewa shawara ba doka ba ce, shi ne ya mayar da ita doka. Na Jonathan suna jingina da gyaran 2011 da kuma makarantun almajirai na zamani, irin ta Gagi da ke Sakkwato da ya buɗe a 2012, waɗanda asusun ya sa kuɗi a gina wasunsu. Idan aka bi tarihin daki-daki, hujjar malaman ta fi nauyi, domin gwamnatin da ta sa hannu a dokar ita ce ta haramta ƙungiyar da ta kawo shawarar.

Akwai wata rigimar a jihohi. ASUU ta sha zargin gwamnoni da buɗe sababbin jami'o'i ba tare da tanadin kuɗin riƙe su ba, suna dogaro da TETFund ta gina ɗakunan lacca da na karatu, sannan su zo da 'yan jarida su yanke ƙyalle kamar daga aljihun jiha aka yi aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, ko da yake a nan ba a cika tuna kamfanonin da ainihin kuɗin ke fitowa daga ribarsu ba.

Masu jami'o'i masu zaman kansu suna neman a sa su cikin rabon. ASUU ba ta yarda ba, dokar ma ba ta ba su dama ba.

Halin yanzu

An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a ta 2023. Ƙudurorin gyaran haraji na 2024 sun zo da shirin daina bai wa asusun kaso daga 2030, abin da ASUU ta yi wa ca. A dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 an bar wa TETFund rabin sabon harajin raya ƙasa na kashi 4.